Ishiyaku da Kuliyoyin Ƙasan Bene

Ishiyaku mutumin Maigatari ne, ɗan mai dandaƙa. Tun yana ƙarami shi ke danne rago a gefen kara ranar Alhamis, ubansa yana aiki da guduma. Da ya girma sai ya koyi girki a gidan wani ma'aikacin gwamnati a Kaduna, kuma girkin ne ya kawo shi New York a 1963, lokacin da aka tura maigidan ofishin jakadanci. Aka kira maigida gida bayan 'yan shekaru, Ishiyaku bai bi shi ba. Bai taɓa cewa ya yanke shawarar zama ba, bai dai tafi ba. Matar da ya bari ta gaji da jira, alƙali ya raba auren, labarin ya zo masa ta bakin wani ɗalibi. Ya ce to, ya ci gaba da yanka albasarsa.

A unguwar Mount Hope ya ƙare, yana kula da wani tsohon bene. Shi ne shara, shi ne famfo, shi ne hura tukunyar da ke ɗumama gidan. Ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa kusa da tukunyar, ta taga ƙafafun masu wucewa kawai yake gani. Masu haya ba su san sunansa ba, sai dai su buga bututu idan ɗaki ya yi sanyi.

Wata Lahadi wata kyanwa ramammiya ta shigo ta tagar, ya sa mata suna Ladi. A gidan da ya tashi ba a korar kyanwa, don haka ya zuba mata shinkafa da romo. Ita kaɗai ce yake yi wa Hausa kullum. Ta haihu a bayan tukunya, 'ya'yan suka girma, su ma suka haihu. In ya buga kwano da cokali sai ka ga suna fitowa daga ko'ina, har daga benen da ya ƙone a maƙwabta.

Rabi'atu ce ta fara yi masa magana. 'Yar zangon Kumasi ce, nas a wani asibiti, tana zaune a hawa na uku. Ta gaya masa wata ƙungiya ta shirya da likitocin dabbobi suna yi wa karnuka da kuliyoyi aikin hana haihuwa da araha, don birnin ya cika da su, hukuma kuwa kashewa take yi. Ishiyaku ya ji abin ya zo gidansu. Wa za a koya wa wannan? Ya shiga kama muzurai ɗaya bayan ɗaya, ya sa a kwali, ya hau jirgin ƙasa ya kai. Hannayensa duk yakushi, amma a wannan shekarar har fara'a aka gani a fuskarsa. Yarinyar da ke karɓa a asibitin ta tambaye shi ko babu kuliyoyi mata ne a gidan. Ya dube ta kallon wadda ba ta san kiwo ba, ya ɗauki kwalinsa ya fita. Shi a saninsa namiji ake yi wa, rago ne ko sa ko bunsuru. Ba a taɓa cikin mace, haihuwarta ce arzikin garke.

To, kuliyoyi garke ne? Muzuransa suka yi ƙiba suka kwanta, muzuran unguwa kuwa suka ci gaba da shigowa ta tagar da bai taɓa rufewa ba. Ladi ta sake ɗaukar ciki, 'ya'yanta mata ma haka. Ishiyaku ya ɗauka ko likitan ne bai iya aiki ba.

A damunar 1975 mai benen ya sauko da hanci a toshe. Masu haya sun kai ƙara saboda wari. Ya ce ya riga ya kira motar hukuma, ranar Litinin za ta kwashe kuliyoyin. Ishiyaku ya roƙi a bar masa guda ɗaya, Ladi. Mutumin ya yarda, da sharaɗin kada ta ƙara haihuwa, in ta haihu ita da mai ita za su bar gidan tare.

Rabi'atu ta raka shi asibitin da Ladi a kwali. A jirgi ta kasa daurewa.

"Baba Ishiyaku, ni ban san muzurai kawai kake kaiwa ba. Da tun farko ita ka kai, ita kaɗai, da duk waɗannan ba a haife su ba balle a kashe su."

"A garinmu ba a taɓa mace," in ji shi.

"A garinku ana zuwa da mota?"

Ya so ya ji haushinta, ya nema a ransa bai samu ba.

Likitan ya taɓa cikin Ladi ya ce akwai 'ya'ya a ciki, in an yi aikin da su za a cire. Ya jira amsa. Ishiyaku ya fahimci Turancin sarai, amma ya tsaya har Rabi'atu ta maimaita masa da Hausa, ko jiran zai canja wani abu. Ya ce a yi. Aka ce ya dawo ya ɗauke ta ranar Talata.

Ranar Litinin da hantsi motar ta zo, da mutum biyu da kejin ƙarfe. Suka sauka ƙasa da sanda mai igiya, kuliyoyin suka watse, wasu bayan tukunya, wasu cikin bututu. Mutanen suka yi ta fama har gumi ya jiƙa musu riga, ba su kama ko ɗaya ba. Babban cikinsu ya zauna a kan matakala ya kunna taba. Ya ce in aikin bai yiwu yau ba zai gaya wa mai gidan, shi kuwa mai gida guba zai zuba, ya ga an yi haka a benaye da yawa. Guba ba ta zaɓe, kuma gobe Ladi za ta dawo wannan ƙasan.

Ishiyaku ya shiga ɗaki ya fito da kwano da cokali. Ya ce su buɗe kejin su ja da baya. Ya durƙusa, ya buga kwanon yadda ya saba. Suka fito da gudu, wutsiya a sama, har da ƙanana masu tangaɗi, suna goga masa jiki. Bai taɓa kiransu don wani abu ban da abinci ba. Ya riƙa ɗauka yana sawa a keji da hannunsa, babu wadda ta yakushe shi.

Da motar ta tafi, wani a hawa na biyu ya buga bututu, ruwan zafi ya ɗauke. Ishiyaku ya wanke hannu ya je ya duba.

Ranar Talata ya dawo da Ladi, cikinta a aske, da ɗinki. Ta fito daga kwali a hankali, ta zagaya bayan tukunya tana kuka irin na kiran 'ya'ya, ta leƙa bututu, ta dawo ta tsaya a gabansa. Ya tashi ya rufe tagar.