Siririn Layin Baba

Siriri ake kiran babanmu, alhali da gefe yake shiga ƙofar shagonsa. Haruffansa ne suka jawo masa sunan. Shekara talatin yana rubuta allunan shaguna da buroshi, kuma salo ɗaya ya riƙe: jikin harafi kakkaura, mahaɗinsa siriri kamar zaren ɗinki, ga 'yan ƙafafu a ƙasa. Masu turare da masu gwal duk wurinsa suke zuwa. Cewa yake harafin da ba ƙafa tamkar mutum ne ya je ɗaurin aure ba takalmi.

Irin wannan rubutu yana da cuta ɗaya: daga nesa siraran layukan ɓacewa suke. Shi ya sa in ya gama allo yakan jingina shi a ƙofa, Inna ta tsallaka titi, ta karanto da ƙarfi. Ba ya gaya mata abin da ya rubuta. Allo bai taɓa barin shagon ba sai ta ce, "Ya fita."

Bara wata mai turare ta dawo da allonta a fusace. Wai layukan sun yi ƙiba kamar allon mai faci, in bai gyara ba za ta koma wurin masu kwamfuta, ƙawayenta su bi ta. Ni da nake tsara shafukan mujalla, na zaga na duba allunansa na 'yan shekarun nan. Wallahi gaskiyarta. Na koma shago na same shi.

"Baba, hannun ne ya fara rawa? Ka faɗa mana mana!"

Ya tsoma buroshi, ya ja layi a bayan kwali, siriri, sai da na sunkuya na gan shi. Ko karkacewa babu.

"To me ya sa?"

Ya nuna tsallaken titi da haɓa. "Idon innarki ne. In na ja yadda na saba, ba za ta gani ba. Shekara talatin tana tsayawa can, yau ni zan ce mata ta zauna?"

Haushinsa da tausayinsa suka kama ni lokaci guda. Washegari na ce wa Inna idona na ciwo, ta raka ni asibiti. Ita ta dawo da tabarau, tana ta mita har gida.

Baba ya sake rubuta allon mai turare, layi siriri irin na da. Inna ta tsallaka, ta gyara zaman tabarau, ta karanto tsaf. "Ya fita."

Amma ba ta dawo ba. Ta juya kan allon mai aski na maƙwabta, wanda Baba ya rubuta wata uku da suka wuce. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tako a hankali.

"Malam, wancan ƙaton layin saboda ni ka yi shi?"

Baba ya duƙufa wanke buroshin da ya riga ya wanke.

"Je ka sauko da shi," in ji ta. "Bai fita ba."