Hoton Wuyan Baba

Muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato a lokacin, ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi, aka aiko mini daga Argungu cewa ludayi ya suɓuce wa Baba yana shan fura. Hannunsa na dama ya mutu, bakinsa ya karkace, amma kafin maƙwabta su taru komai ya dawo daidai. Shi abin da ya dame shi furar da ta zube.

Da ƙyar na lallaɓa shi muka je babban asibiti a Sakkwato. Likitan, wani Ba'indiye, ya saurari wuyansa, sannan ya tura mu ɗakin wata sabuwar na'ura mai nuna cikin jiki a allo. Guda ɗaya ce tak, kuma aikinta duba masu juna biyu. Haka Baba da farin gemunsa ya zauna a benci tsakanin mata bakwai.

"Kai, wata nawa ag gare ni?" ya tambaye ni. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Matan ne suka kasa daurewa.

Aka shafa masa wani abu mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, aka goga kan na'urar a wuyansa. Ni dai toka-toka kawai na gani. Likita ya ce wannan jijiyar ce ke kai jini ƙwaƙwalwa, kitse ya taru a bangonta, kuma samansa ba sumul ba ne, irin wanda jini ke yin guda a kai. In gudan ya ɓalle ya haura, shanyewar jiki ce. Ya zana wurin a takarda, ya rubuta ƙwaya, ya hana man shanu, ya ce kada kowa ya danna ko ya murza wurin.

Ni ne tafinta, kuma malamin makaranta akwai son taƙaitawa. Na ce, "Baba, jini na ka taruwa wuri guda." Na faɗi ƙwaya, na faɗi man shanu. Maganar murzawa na bar ta, don ban ga wanda zai murza wa dattijo wuya ba.

"Dud don wanga munka zo Sakkwato?" in ji shi. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, na sauke shi Argungu na wuce.

A wurinmu, jinin da ya taru wuri guda yana da mai shi. Baba ya kira wanzaminsa na shekara talatin, ya miƙa masa zanen likita. Mutumin bai yi ha'inci ba. Ya dubi takarda, ya lalubo wurin da babban yatsa, ya murza sosai don jini ya taso, ya kafa ƙaho. Kafin ya cire, ɓarin Baba na dama ya tafi, da magana duka.

Daga baya likita ya ce ba mai iya rantsewa, wataƙila ko ba a taɓa ba da gudan ya ɓalle. Wannan bai rage mini kunyar ba ko kaɗan.

Shekara huɗu Baba ya yi a kwance. Duk Juma'a wanzamin yakan zo ya yi masa aski kyauta, yana neman gafararsa. Wata rana yana wanke aska ya dube ni.

"Malam, likita bai ce komi ba bisa ƙaho?"

Na ce, "Bai ambaci ƙaho ba."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da zuwa.