Sallamar da Baba Ya Amsa

Jama'a, wallahi tallahi abin da zan ba ku a kaina ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba. Shekarun baya ne, bazarar da na gama sakandare a nan unguwar Bronx, muna zaune a wani dogon bene a titin Grand Concourse, ni da Inna da Baba. Baba direban tasi ne, lokacin nan da motocin da ake kira ta waya suka fara kashe musu kasuwa, amma asalinsa ɗan masunta ne daga Gaya, bakin kogin Kwara, a cikin kwale-kwale ya tashi, kuma tun da ya zo ƙasar nan bai ƙara riƙe fatsa ba.

A shekarar ne likita ya ce zuciyarsa ta gaji, ya rage aiki. Maimakon ya kwanta ya huta sai ya tsiro da wata magana, wai wani fasinja ya nuna masa hotunan Alaska, can ƙarshen arewa, inda kifi ke cika kogi har ruwan ya yi ja, shi kuwa sai ya je ya gani da idonsa. Abokansa na gidan abincin da suke taruwa a Harlem suka sa shi gaba. Wani Alhaji ɗan Kumasi ya ce, "Malam, mutane na kwasar adashe su tafi umara, kai za ka je gaishe da kifi?" Baba ya ce, "Ai kifin ma tasbihi yake, Alhaji, ya ma fi ka yawan yi."

Inna ta yi faɗa, ta yi kuka, da ta ga ba zai fasa ba sai ta ce to da ni za a tafi. Ranar tafiya ta ja ni kicin ta damƙa min jakar magungunansa, ta ce, "Ke, ba kallon namun daji na aike ki ba. Yadda na ba ki shi yana takawa da ƙafarsa, haka za ki dawo min da shi." Na ce in sha Allahu, Inna.

Muka hau babban jirgi, daga nan aka sa mu a wani ɗan ƙarami mai sauka a kan ruwa, ya ajiye mu a wani masauki na katako a tsakiyar daji, ba titi, ba gari, waya ba ta kamawa. Ga sauro manya kamar an kiwata su, ga rana ba ta faɗuwa, sai dai ta sunkuya ta sake miƙewa, sallah ma da agogo muke yi. Kullum wani Bature mai yi mana jagora zai ɗauke mu a jirgin ruwa mai inji. Mun ga wata dabba mai ƙaho kamar reshen bishiya, tsayinta ya kusa na raƙumi, mun ga wata ƙatuwar dabba mai gashi da ake kira beyar da 'ya'yanta tana tsaye cikin ruwa tana cafke kifi da baki, ni ina ƙanƙame da kujera, Baba kuwa sai dariya. Sandar kamun kifinsu mai keke ta gagare shi, zaren ya yi ta nannaɗe masa, yana cewa, "Uwata, dubi ɗan masunta ya zama ɗan koyo!" Uwata yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa min. Wallahi tun da nake ban taɓa ganin shi cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba, har na fara cewa a raina Inna ta tsorata ne kawai.

Wajen ƙarshen zamanmu, bayan azahar, muka shiga wata kwana inda kogin ya yi faɗi ya yi shiru, hazo-hazo na kwance a kan ruwan. Baturen ya kashe inji. Muna nan zaune sai na ji an ce, "Salamu alaikum."

Daga tsallake muryar ta fito, ta namiji, a ja take kamar yadda ake yi wa mutumin da ke nesa. Na ɗaga kai, ba kowa sai itatuwa. Tsikar jikina ta tashi, domin mun taso ana faɗa mana in kana daji ka ji murya ba ka ga mai ita ba, kada ka kuskura ka amsa. Na riƙe hannun Baba na ce, "Baba, don Allah kar ka amsa." Aka sake yi, wannan karon kusa-kusa. Baba ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Uwata, sallama ce fa. Musulmi ya yi maka sallama ka yi shiru?" Ya miƙe tsaye cikin jirgin, ya ɗaga murya ya ce, "Wa alaikumus salam wa rahmatullah."

Wayyo Allah. Yana rufe baki jirgin ya yi wani ɗan tangaɗi, irin wanda yake yi in mutum ya dafa gefensa. Baturen ma ya waiga, na ga ya waiga da idona, amma da na tambaye shi da Turanci ko akwai masu zama a tsallaken sai ya ce babu kowa, wataƙila tsuntsu ne, ya tada inji da sauri ya mayar da mu masauki.

A ɗaki Baba ya ce min muryar Yaya Umaru ce, wansa. Ni sunan kawai na sani. Ashe tun suna samari suka fita su tare, kwale-kwale ya kife, Baba ya fita, shi kuwa ruwa bai dawo da shi ba, ko gawarsa ba a samu an yi wa sutura ba. Na ce, "Baba, ina Gaya ina nan?" Ya ce ruwa ai duk ɗaya ne, a haɗe yake. Sai ya ce, "Allah kaɗai ya san tun yaushe yake sallama ba mai amsa masa."

Daga ranar ya daina dariya, ya daina cin kifi, sai ya zauna bakin taga yana kallon kogi. Ya roƙe ni mu koma kwanar nan, na ce wallahi sai dai ya taka ni ya wuce. Na ja katifata na shimfiɗa a bakin ƙofa, hasken nan da ba ya ƙarewa yana dukan idona, ban runtsa ba har ranar da ɗan jirgin ya zo. Maganinsa kuwa ko sau ɗaya bai tsallake ba, da hannuna nake ba shi. Abin da ya fi tsorata ni ƙafafunsa, kullum na cire masa safa sai in same ta a jiƙe sharkaf, da sanyi kamar ƙanƙara, alhali ko bakin ruwa ban bar shi ya je ba.

Na kawo shi gida. Da ƙafarsa ya hau bene, Inna ta buɗe ƙofa, na ce, "Inna, ga shi na dawo miki da shi." Ta dube shi ta daɗe, ta dube ni, ba ta ce sannu da zuwa ba, sai ta juya ta shiga kicin na ji tana shessheƙa.

Bai yi wata da dawowa ba. Wata Juma'a bayan la'asar yana zaune kan dardumarsa, ni ina ninke kaya, sai na ga ya juya wajen taga, tagar da ba abin da ke bayanta sai sama da ƙarar motoci, ya yi murmushi ya ce, "Wa alaikumus salam, shigo mana." Ya jingina da bango, shi ke nan. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. Ban yi musu ba, me zan ce masa?

Bayan an yi sadakar arba'in, wata rana Inna ta tafi aiki, ina ni kaɗai ina wanke-wanke da rana tsaka, sai na ji daga bakin ƙofa, "Salamu alaikum, Uwata." Muryar da na sani tun ina goye. Na leƙa ta ɗan ramin ƙofa, ba kowa a barandar. Aka sake yi a hankali, irin yadda yake yi in ya dawo aiki a gajiye ba ya son ya tashe mu. Jama'a, amsar ta zo har bakina, na toshe shi da hannu biyu na durƙushe a nan ina kuka, don na tuna Inna ba ta da kowa a ƙasar nan sai ni. Ban amsa ba. Ubana ya yi min sallama na yi shiru.

Na je na sami limamin masallacinmu, ya ce shaiɗan na iya kwaikwayon murya, in yawaita yi wa Baba addu'a. Ina yi. Amma bai ce min ba shi ba ne, ni ma ban iya rantsewa ba.

Ba zan ce muku ku ƙi amsa sallama ba, ni wace ce da zan faɗi haka. Abin da zan ce kawai, in kun je baƙon wuri, musamman bakin ruwa, ku ga fuskar mai sallama tukuna. Kuma don Allah duk wanda ya karanta wannan ya sa Baba da wansa a addu'a, ko Allah zai sa su samu inda za su zauna su daina yawo. Ni dai har yau in na ji taku ya tsaya a ƙofarmu sai in riƙe numfashi, ina tsoron a yi sallamar, ina kuma jiran a yi.