Ranar da Na Kai Baffa Kallon Saukar Jirgi

Ana idar da sallar asuba muka bar Ajingi, ni da Baffa, yayan mahaifina. Cutar yana ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara dushewa, shi ya sa ya matsa in kai shi filin jirgin Kano tun yana iya gani. Shekara da shekaru jirage na wucewa ta saman gonarsa ta gyaɗa, bai taɓa ganin saukar ko ɗaya ba.

A Gaya muka karya da koko da ƙosai mai zafi. Direban bas ɗinmu kuwa kowane rami sai ya gaisa da shi, har muka haye gadar Wudil. Da hantsi muka shiga Kano, ɗan adaidaita sahu ya ƙarasa da mu.

Wani ɗan garinmu da ke aikin kashe gobara a filin ne ya tarbe mu. Tunda ba mu da tikiti, ya zaunar da mu a wata inuwa daga waje, inda ake hango titin jirgi. Ya nuna mana dogon benen da ake magana da matuƙa, ya ce ba mai sauka sai an ba shi izini daga can. Akwai masu zagaya titin suna tsince ko da ƙusa ce, akwai kuma waɗanda aikinsu korar tsuntsaye kawai. Baffa ya yi dariya ya ce ashe nan ma ana gadin gero.

Ɗan garin namu ya ce babu filin da ya girmi wannan a ƙasar nan, kuma a da mutum ne kan raƙumi yake busa kakaki don jama'a su kauce wa jirgi.

Jirgin da muke jira ya makara. Azahar ta yi, Baffa yana ta murza ido, ni kuma ina addu'ar kada mu koma haka nan. Can sai motar kashe gobara ta gyara tsayuwa.

"Baba, tashi, ga shi nan," in ji ɗan garinmu.

Na riƙe kafaɗunsa na juya shi gabas. Jirgin ya sauko a hankali, tayoyinsa suka taɓa ƙasa, hayaƙi ya ɗan tashi. Baffa ya damƙe hannuna yana ta salati.

Dab da magariba muka iso gida. Matarsa ta tare shi tun daga zaure: "Malam, ka gani?"

"Wutsiyar na gani sosai," ya ce. "Sauran a ƙirjina na ji shi."

Ni dai abin da na dawo da shi, kafin jirgi ɗaya ya sauka lafiya, mutane da yawa sun wuni a tsaye cikin rana, kuma fasinja ba ya sanin ko fuskarsu.