Wanda ya hana ni tsallake darasin busa

Jama'a, wannan ba ji na yi ba, ni ya faru da ni, wallahi, shekarun baya lokacin ina jan motar haya tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Yayana direban tirela ne, da ya rasu sai na gaji hamonikarsa, ɗan abin busan nan mai ramuka a jere. Akwai wani kiɗan baƙin ciki na baƙaƙen Amurka, bulus, da yakan busa wa Innarmu a Zandam. Idonta ya tafi, jiki ya yi rauni, sai ta ce ba abin da take so kafin ta bar duniya kamar ta sake jin kiɗan nan.

Na nemi masu koyarwa a waya, suka ce a raba lokaci: a fara da numfashi a rami ɗaya har sauti ya fita tas, sannan a koyi lanƙwasa shi ya yi kamar kuka, waƙa ita ce ƙarshe. To, a ina? A gida maiɗakina ta ce ina tashin jariri, a tasha yaran mota suka sa min suna Sarkin Sauro. Sai na samu gindin wani dutse a hanyar Sundimina, da tsakar rana in layi bai zo kaina ba in tafi can. Na san manya sun hana ko fito da baki a irin wannan wuri a irin wannan lokaci, amma kunnen ƙashi.

Ni kuma ba ni da haƙuri, wa zai zauna yana hura rami ɗaya kamar mai hura wuta? Na tsallake na faɗa waƙa. Ina yin shiru sai dutse ya amsa, amma ba abin da na busa ya dawo min ba, sautin rami ɗayan nan da na tsallake ne, dogo, tas. Na sake jan waƙa, ya sake maido ni baya. Tsoro ya kama ni, na yi addu'a, amma wallahi haushi ya fi tsoron yawa. Kullum haka! In na bi tsari ya yi shiru, in na yi wayo ya tsayar da ni. Ko malaminmu na allo bai matsa min haka ba.

Ran nan na miƙe na ce, "Bawan Allah, ko mutum ne ko aljan, uwata ba lafiya, ba ni da lokacin wannan iyayin!" Sai ya busa min rami ɗayan nan, a hankali ma, don in ƙara ƙuluwa.

Haka na bi dole ina ƙunƙuni, damina ta wuce, har waƙa ta zauna a bakina. Na kama hanyar Zandam, na zauna bakin gadon Inna na busa mata tun daga fari har ƙarshe. Ta yi murmushi ta ce, "Allah ya yi maka albarka, amma na jiya ya fi daɗi."

Na ce, "Inna, wane na jiya?"

Ta ce, "Wanda ka tsaya ta taga ka busa min da azahar, na yi ta kira ka ƙi shigowa."

Ni kuwa a jiyan da take faɗa, da azahar ina tashar Gwaram ina lodi, hamonika na aljihuna. Duk wahalar nan da na sha, ashe mai amsa min a dutsen nan zai riga ni! Ban gaya mata ba har ta koma ga Allah, kuma ban sake taka gindin dutsen nan ba.

Don haka mai koyon busa, ka bi darasinka daki-daki, ka yi shi a cikin mutane ko za su yi maka dariya. In kuwa ka yi shiru ka ji an amsa, kada ka tsaya jin ko ya fi ka iyawa.