Ranar da Mama Ta Yi Liƙi a Washington

Greenbelt

Wasan da la'asar ne, amma Mama ta tashe ni tun gari bai waye ba. Mahaifiyata ce, ta zo daga Zonkwa ganin jikoki a nan Greenbelt, kusa da Washington, sai abokiyar aikina a asibiti ta ba mu tikitin kallon wani makaɗin fiyano. Tun daga gida nake fargaba, domin na san halinta, ba ta ganin abin burgewa ta zauna shiru. A jirgin ƙasa na yi ta ja mata kunne cewa a ƙasar nan ba a cusa hannu cikin tufa a gaban mai tsaro. Ta ce ai ita ta haife ni.

Washington

A ƙofar zauren wasan aka caje jakunkunanmu. Ba wanda ya kula da ƙullin bakin zaninta, har ni.

Makaɗin ya fito da kwat mai ƙyalli kamar leshin biki, yatsu duk zobba. Sai ya ɗauko waƙar yara da yatsa ɗaya, can ya juya ta ta koma kiɗan Turawan da, hannuwansa na gudu har ido ba ya bin su. Daga baya ya nemi wani ya rera masa kowace waƙa. Mama ta rera ta dakan acca. Sau ɗaya ya saurara, ya kama, ya ƙawata ta har zauren ya ɗauka.

Ina waigawa, ba Mama. Ga ta can tana hawa dandamali, hannu a ƙugu cikin zani. Masu tsaro biyu suka taso, ɗaya ya dafa bindigarsa. Na miƙe zan ce musu kuɗi ne za ta ciro.

Makaɗin ya ɗaga hannu ɗaya ya tsayar da su, ɗayan bai bar kiɗa ba. Mama ta kwance ƙulli, ta manna masa dala a goshi. Gumi ya riƙe ta.

Gida

Na gode wa Allah da ya dawo min da ita da ƙafarta, na kuma gode wa bawan Allahn nan mai zobba.

Na ce, "Mama, kin san saura ƙiris a harbe ki?"

Ta ce, "Ladi, tun rasuwar kakarki ba wanda ya ƙara amsa min waƙar nan. In bar shi haka?"