Gonar Gwajin Malam Haladu

Shekara goma sha shida Malam Haladu ya yi yana koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a Gammo. Ɗan Gwarzo ne, mahaifinsa mai makarantar allo, cikin 'ya'ya tara shi kaɗai ya zarce da boko. Ajinsa ɗalibi saba'in da uku, madubin likita ɗaya, shi ma ya tsage.

Ya shiga digiri na biyu a shekarun da aka ƙaddamar da shari'a. Jami'a ta ce ana tsuke bakin aljihu, babu kayan gwaji. Sai ya zaɓi binciken da ƙasa da ido sun ishe shi: shin shuka waken suya a tsakanin dawa yana rage wuta-wuta, ciyawar nan mai shanye dawa tun daga saiwa? Daminar farko fari ya ƙone gonar. Ta biyu ita ce ta ƙarshe, in ta wuce ba sakamako, wa'adinsa ya ƙare.

Baba Jalo, wani dattijon manomi a Dugabau, ya ara masa gona. Ni da shi muka raba ta biyu, kunya ashirin-ashirin. Gabas da wake, yamma dawa zalla, ba a taɓa wuta-wutarta, don da ita za a kwatanta. Ni nake riƙe masa littafi, da yake makaranta ɗaya muke koyarwa. Asabar goma sha biyu ake bukata ana ƙirga wuta-wutar. A ta bakwai muka ƙirga tsiro ɗari huɗu da sha biyu a yamma, hamsin da takwas a gabas. Ranar har rake ya saya mini.

Asabar ta takwas muka tarar da ɓangaren yamma fes, an tuge wuta-wutar, ga taki an zuba.

"Baba, wa ya yi wannan aiki?"

"Gayya na kira, mutum goma sha ɗaya. Ba sai ka gode ba, Malam."

"Sau nawa na ce kar a taɓa nan?"

"Sau uku. To amma ta fara fure. Dalhatu mai gonar maƙwabta ya rantse in iri ya faɗa masa, Hisba zai kai ni. Kuma da gaskiyarsa, cutar da maƙwabci haramun ne. Kai ɗan malamai ne, ka fi ni sani."

"Baba, da me zan kwatanta yanzu?"

"Da idonka mana! Makaho ma ya ga waken nan ya yi aiki. A majalisa cewa ake Jalo ya tsufa, ya koma noman fulawa."

Malam Haladu ya cire hula, ya zauna a kan kunya. Na bi layi-layi ina dubawa ko an manta da wani abu. Tsiro shida na samu.

Ya kai wa malamin da ke duba aikinsa lissafin mako bakwai. Aka ce bai isa ba. Ya rubuta takardar neman ƙarin damina sau huɗu, amsa ɗaya ta zo, layi biyu: ba a amince ba.

Bana na zaga Dugabau na ƙirga gona talatin da ɗaya masu wake a cikin dawa. Na gaya masa a ɗakin malamai. Bai ɗago daga takardun da yake yi wa maki ba.

"Ka kai wa jami'a," ya ce, "ka ji ko za su karɓa."